Yaron da Ya Sauka daga Baya

Ƙannena da 'ya'yana, ku da muka sha bikinku shekara biyu ko uku da suka wuce a Gidan Goga da ƙauyukan da ke kewaye da ita, yau kuma ga ɗan fari yana dafa bango yana miƙewa, da ku nake. Kun ga yadda gida ya cika ranar suna, kun ga yadda aka yi ta lallaɓa mai jego har ta yi arba'in, kowa da shawararsa, kowa da abin da ya riƙo. Jariri ba ya rasa mai ɗauka. Wanda ake mantawa da shi shi ne yaron da ya shekara, ya sauka daga baya, ya fara bin kaji a tsakar gida. An daina yi masa kallon jariri, alhali bai iya faɗin inda ke yi masa ciwo ba, bai iya ƙwatar rabonsa a kwano ba, bai san wuta ba, bai san rijiya ba. Tsakanin shekara ɗaya da uku ne yara da yawa a ƙasarmu suke ramewa, wasu su tsumbure har girmansu, wasu kuma mu rasa su. Sau da yawa sanadin ƙarami ne, sai dai ya zo a lokacin da ido ya ɗauke daga kansu.

Bari in fara da abin da ya fi tayar muku da hankali, ko da yake shi ne mafi sauƙi, wato tafiya. Na sha ganin yarinya ta shiga damuwa don ɗan maƙwabciyarta ya yi tatata a wata goma, nata kuwa ga shi da shekara ɗaya da wata biyu yana jan gindi. Uwar miji ta fara tambaya, a fara zancen baki da maita, daga nan sai wurin mai magani. Ɗiyata, kwantar da hankalinki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi ɗaruruwan yara lafiyayyu a ƙasashe biyar, Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. A cikinsu akwai wanda ya taka shi kaɗai yana wata takwas, akwai wanda bai saki hannu ba sai da ya haura wata 17, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau. Zama ma haka yake, daga wajen wata huɗu har zuwa wata tara. Wasu ƙalilan ko rarrafe ba su yi ba, miƙewa kawai suka yi da lokacinsu ya zo.

Naki aikin shi ne ki riƙa sauke shi. Yaron da ya wuni a ɗaure da majanyi tun safe har la'asar ba shi da inda zai gwada ƙafarsa. A share wuri, a shimfiɗa tabarma a inuwa, a bar shi ya dafa turmi da gefen gado, in da hali a sa kafinta ya haɗa masa keken katako mai ƙafa uku. Zai faɗi, zai tashi. Amma idan ya kai wata 18 bai taka ba, ko ya iya abu sannan ya daina, ko kuma ƙafa ko hannu ya saki farat ɗaya, to, wannan na asibiti ne, kuma a ranar. An bayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ranar 25 ga Agusta, 2020, sai dai wani nau'inta bai gama barin jihohinmu na arewa maso yamma ba, shi ya sa masu ɗigo ba su daina zagayawa ba. In sun yi sallama, a fito musu da yaro.

Ku bar ƙirga watannin tafiya haka nan, ku koma ƙirga lomar da ke shiga cikinsa, don a nan gizo yake saƙar. A gidajenmu kwano ɗaya ake zuba wa yara tuwo, da ɗan shekara takwas da ɗan shekara biyar da ɗan wata goma sha biyar. Manyan hannunsu ya ƙware. Kafin ƙaramin ya gutsuro, ya juya ya kalli akuya, ya shafa rabi a kumatu, kwano ya yi fes. Uwa ta hango shi da miya a baki, ta ce ai ya ci. Wallahi bai ci ba. Ki ware masa kwanonsa shi kaɗai, ki zauna kusa da shi har ya gama, ki ga abin da ya ci da abin da ya bari. Yaro mai wannan shekaru yana ci yana wasa, sai an yi haƙuri da shi, sai an lallaɓa, kuma ɗura ba ta cikin lallaɓawa. Toshe wa yaro hanci a kwarara masa kunu yana iya sarƙe shi, kunun ya bi hanyar numfashi ya sauka a huhu.

Cikinsa ba ya ɗaukar fiye da kofi guda a zama ɗaya, saboda haka tuwon dare da ɗumamen safe ba za su riƙe shi ba. Ma'aikatan lafiya suna cewa ɗan shekara ɗaya zuwa biyu ya ci sau uku ko huɗu a wuni, a ƙara masa ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani, ga nono kuma yana sha. Tunda cikin ƙarami ne, abin da zai shiga ya zama mai amfani. Koko tsararo ruwa ne kawai, yana cika ciki na ɗan lokaci, jiki bai samu komai ba. Kunun yaro ya yi kauri har ya tsaya a cokali, kuma kada ya zama gero zalla. A zuba masa garin ƙuli ko niƙaƙƙiyar gyaɗa, da cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja, wata rana garin busasshen kifi, wata rana garin zogale. Akwai haɗin da ake koya wa mata a cibiyoyin lafiya, wanda ake kira Tom Brown: awo shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya sama-sama, a niƙa, a adana a mazubi mai murfi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba a nomawa a ƙasar Maradun da Bakura. Dankali da kabewa da wake da kifin Bakolori duk abincin yaro ne idan an dafa sun yi laushi an farfasa masa.

Ga kuma ƙwai. Da damina ƙwan zabi yakan wadata, a tara a kwarya a kai kasuwar Talata Mafara, yaron gida bai ɗanɗana ko ɗaya ba, wasu ma su ce wai ƙwai yana koya wa yaro sata. Wannan magana ba ta da tushe a addini, ba ta da shi a likitanci. Ɗana, kai ma ina da magana da kai a nan. Kana tsayawa wurin mai shayi bayan isha'i a soya maka ƙwai uku, ka dawo gida ka tarar an ajiye maka tsokar da ta fi kowace a miya. Kai ka gama girma. Ɗanka kuwa yanzu ake ginin ƙashinsa da ƙwaƙwalwarsa, kuma masana sun tabbatar cewa abin da yaro ya rasa na gina jiki daga ɗaukar cikinsa zuwa cikarsa shekara biyu, kwana 1,000 ke nan, da wuya a iya mayar masa da shi gaba ɗaya daga baya. Cikin ƙwai ukun nan ka sa ɗaya a aljihu ka kawo masa.

Sai yaye, wanda a ganina shi ne mashigi mafi haɗari a duk waɗannan shekaru. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, likitocin duniya ma a kan shekara biyu ko fiye suka tsaya. Mu kuma yadda muka gada shi ne a sa rana, a shafa wa nono abu mai ɗaci, a ɗauki yaro a kai shi gidan kakarsa, ya kwana bakwai ko fiye bai sa uwarsa a ido ba. Ba na zargin kakanni, don ƙauna ce take sa su karɓi wannan wahala, su kwana suna jijjiga yaro mai kuka. Amma ku dubi abin ta wajen yaron. Rana ɗaya ya rasa nono, ya rasa bayan da ya saba kwanciya a kai, ya rasa ɗakin da ya sani. Yaro da yawa daga nan yake ƙin abinci, zawo ya biyo baya, a dawo da shi gida wuya ya yi tsawo, a ce ai ciwon yaye ne, kowa ma ya yi.

Yaye yana yiwuwa ba tare da wannan ba. A fara rage nonon rana, a sa abinci a gurbinsa, a bar na dare da na asuba, a tafi a haka makonni har ya saba. In za a kai shi wurin kaka, ya zama kakar da ya saba da ita, wadda ya sha cin abinci a hannunta, kuma uwa ta riƙa leƙawa. Sannan a duba lokaci. Kada a yaye yaro yana ciwo ko yana farfaɗowa daga ciwo. Kada a yaye shi a tsakiyar marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, ruwan sha ya gurɓace, uwa kuma tana can tana fama da aikin damina. Yunwa da zazzaɓi da zawo duk a watannin Yuli da Agusta da Satumba suke haɗuwa, nono kuma shi ne abu ɗaya mai tsabta da yaro mara lafiya ba ya ƙi. A haƙura har sabon gero ya shigo gida, wata biyu ko uku ba za su rage kowa da komai ba.

Na san abin da yake sa wasunku yaye na gaggawa, ko da yake ba a son faɗa. Ciki ne ya shiga alhali ana goyo, tsoron a ce ta yi kwanika ya kama yarinya, aka kuma gaya mata nononta ya lalace, zai kashe yaron. Ɗiyata, nonon mai ciki ba guba ba ne. In cikin lafiyayye ne za ki iya ci gaba da shayarwa kina ragewa a hankali, ki ƙara cin abinci, ki je awo ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya halin da kike ciki. Abin da yake kayar da irin wannan yaro cire shi daga nono ne rana tsaka, tun bai iya cin abinci sosai ba, sai a ɗora laifin a kan nonon. Ku kuma yayye da gwaggwanni, ku rage gori, gorin ne yake sa a ɓoye. Maigida shi ma ya sani cewa shawarar likitoci ita ce a samu tazarar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki, kuma wannan magana ce ta mutum biyu, ba a bar wa mace ita kaɗai.

Tamowa ba ta shigowa da hayaniya. Yaro ya rage wasa, gashinsa ya yi laushi ya koma ja-ja, damtsensa ya sirance, fatar ɗuwawunsa ta yi yaushi. Wani kuma kumbura yake yi, har a ce ya yi ƙiba, amma in kin danna bayan ƙafarsa da babban yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, ta tarar ɗaya cikin kowane huɗu yana da tamowa. Maƙwabtanmu ne, abin da suke ci muke ci, rashin tsaron da ya hana su noma ya taɓa mu. A shekarar 2024 ɗin ƙungiyar tana da wuraren kwantar da irin waɗannan yara a Talata Mafara da Gummi da Shinkafi da Zurmi. Akwai wani ɗan tef mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro, idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana bakin haɗari ko da yana tafiya da ƙafarsa. Ki nemi a auna miki shi duk lokacin da kika shiga asibiti. In an ba ki abincin gyaɗa na leda da ake ba masu tamowa, ki riƙe shi a matsayin magani, na wanda aka rubuta wa ne, ba a raba shi da yayye, ba a kai shi kasuwa.

Haƙori kuwa ya ɗauki laifin da ba nasa ba shekara da shekaru. Na farko yakan fito a wajen wata shida, kafin yaro ya cika shekara uku ashirin ɗin sun kammala, ke nan kusan duk ciwon da zai yi a wannan tsakani zai dace da fitowar wani haƙori. Dasashi yana ƙaiƙayi, yawu yana zuba, yaro yana ƙananan rigingimu, iyakar aikin haƙori ke nan. Zawo mai yawa da amai da zazzaɓi mai zafi suna da nasu dalilin, galibi ƙazantar da ya kai baki ce ko cizon sauro. Kalmar nan ta "ai haƙori ne" ta sa an zauna da yara a ɗaki har ruwan jikinsu ya ƙare, ido ya zurma, maɗiga ta faɗa. Da zarar zawo ya fara, a haɗa ORS, wato garin gishiri da sukari na asibiti, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali ko da yana amai, a haɗa da ƙwayar zink kullum har kwana 10 zuwa 14. In babu ORS a kusa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Kada a tsayar da nono, kada a tsayar da abinci. Ku kuma yi hattara da kwalaben maganin haƙori na kasuwa. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 wani irin wannan magani mai suna My Pikin, wanda guba ta shiga cikin haɗinsa, ya kashe yara 84 a Nijeriya, wasunsu a Zariya, ta hanyar lalata musu ƙoda.

Zazzaɓi a jikin ɗan shekara biyu ba ya jiran gobe. A yi gwajin jini, in na sauro ne a ba shi maganin har ya ƙare, ko da ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Da damina ana bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 maganin riga-kafin zazzaɓin sauro, wata-wata. Ma'aikaci yana ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku a hannunki yake bari, kuma a nan ne mata da yawa suke sakaci. Idan yaro ya shiga jijjiga, a kwantar da shi a gefensa, a rage masa tufafi, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, kada a kanga ƙafarsa a wuta, a nemi abin hawa. Haka nan in ya kasa shan nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko numfashinsa yana sama-sama har haƙarƙari yana lotsawa, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa sosai.

Allurar ƙyanda biyu ce, ta wata 9 da ta wata 15, ta biyun ce aka fi mantawa saboda a lokacin an ɗauka an gama da asibiti. Ina matsa muku a kan ƙyanda ne saboda abin da take bari a baya. Yaron da ƙyanda ta kayar, ga tamowa, ga baki ba a wankewa, shi ne abin da ciwon noma yake nema, ciwon nan da yake farawa da gyambo a dasashi da warin baki da kumburin kunci, cikin 'yan kwanaki ya cinye fuska. Ya fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6, kuma a Sakkwato akwai asibiti sukutum da aka buɗe dominsa tun 1999. In an kai yaro da wuri, tun yana gyambon dasashi, magani yana tsayar da shi. Saboda haka ki riƙa buɗe bakin ɗanki kina dubawa, kina goge masa haƙora kullum.

Duk abin da hannun yaron nan ya taɓa, baki zai kai, kuma mu mutanen Zamfara mun ga iyakar abin da wannan yake iya jawowa. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma, yara aƙalla 400 suka rasu da gubar dalma, saboda ana kawo duwatsun zinare cikin gida ana daka su ana niƙawa, ƙurar ta bi ƙasar da yara suke rarrafe a kai. Manya suna gidan ba su mutu ba, ƙananan ne suka tafi, don su ne masu cin ƙasa, kuma jikinsu ya fi saurin zuƙar gubar. Ɗana, in neman abinci ya kai ka wurin haƙar zinare, dutse da buhu da kayan aiki su tsaya can, ka yi wanka ka sauya tufafi kafin ka ɗauki ɗanka. Kwallin dutse da ake rambaɗa wa yara a ido ma yana ɗauke da dalma, barinsa ya fi.

Sauran haɗurran tsakar gida kun san su, tuni kawai nake yi. Rijiya ta samu murfi mai nauyi, bokiti da baho kada a bar su da ruwa a buɗe, don ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaron da ya faɗa da ka. Masu aikin rani a bakin magudanan Bakolori kada su bar wa ɗan shekara shida tsaron ɗan shekara biyu. Kananzir da fetur da maganin feshi da fiya-fiya su bar kwalbar lemo su hau sama, in kuma tsautsayi ya sa ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a tafi asibiti da kwalbar. In ruwan zafi ko kunu ya zubo masa, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20 kafin komai. Gyaɗa da gurjiya ƙwaya-ƙwaya ba na ɗan ƙasa da shekara uku ba ne, suna maƙalewa a maƙogwaro. Kashinsa kuma, a fo ya yi ko a ƙasa, masai za a kai shi nan take a wanke hannu da sabulu, don yana ɗauke da cuta kamar na babba.

Akwai wata yunwar da ba ta ciki ba, ita ma tana tsumburar da yaro. Yawanci a wajen shekara ɗaya yake fara kama kalma, "Inna", "Baba", "ruwa", kafin shekara biyu ya fara haɗa biyu, kuma daga bakin mutanen gida yake tsintar kowace. Na san alkunyar ɗan fari, na kuma san darajarta. Ba za ki kira sunansa ba, ba za ki yi masa wasa a gaban surukai ba, wannan tarbiyya ce, ban ce ki yar ba. Amma in kin shiga ɗakinki, babu wanda ya hana ki yi masa hira. Kina tankaɗe ki gaya masa wannan gari ne, kina yi masa wanka ki ce kawo hannu, ina ƙafa. In ya yi gwaranci ki amsa masa, in ya nuna abu ki faɗa masa sunansa. Waya ba za ta yi miki wannan aiki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a wuni. Idan ya cika shekara biyu bai fara haɗa kalmomi ba, ko ba ya waiwayowa in an kira shi daga baya, a kai a duba kunnensa, musamman in ya taɓa yin sanƙarau ko kunnen yana zubar da ruwa.

A daidai wannan lokaci ne kuma zai koyi cewa "a'a", ya yi ƙiwa, ya faɗi ƙasa yana birgima don an karɓe wuƙa daga hannunsa. Yana son abu, bakinsa bai kai ya faɗa ba, sau da yawa kuma yunwa ce ko barci, don mai shekarunsa yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 tsakanin dare da rana. Ɗauke shi daga wurin, ba shi wani abin, in ya huce ki rungume shi. Abin da kika hana jiya kada ki bari yau don ya yi kuka. Duka kuwa ba ya koya wa ɗan shekara biyu komai sai tsoro. Salla ma, da girmanta, sai yaro ya kai shekara bakwai aka ce a umarce shi da ita. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro, don tausayin uwar. Da Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu gargaɗi ce a kan rashin jinƙai. Wanda yake ganin ɗaukar yaro zubar da girma ne ga namiji, ya sake dubawa. Ku kuma kiyaye harshenku, "ɗan banza" da "shege" su ne kalmomin da zai fara maimaitawa, addu'ar iyaye kuma ba abin wasa ba ce. Kada a riƙa razana shi da allura in ya yi ɓarna, gobe za ki kai shi a yi masa ita don lafiyarsa.

Ɗana maigida, kai ne ƙarshen maganata, don akwai abin da kai kaɗai za ka iya yi. Ka san halin da hanyoyinmu suke ciki, ka san in rana ta faɗi ba kowane mai babur ne zai yarda ya ɗauki hanyar Maradun ko Talata Mafara ba. Ciwon da aka gani da hantsi aka ce a jira maigida ya dawo daga gona ko kasuwa, shi ne yake zama na tsakar dare, lokacin da babu mafita. Tun yau ka gaya wa matarka, a gaban mahaifiyarka don kada a samu saɓani, cewa duk ranar da yaro ya yi zafi ko zawo ko ya ƙi nono, ka yafe mata ta fita zuwa asibiti ba sai ta jira ka ba. Ka ware kuɗin babur na zuwa da dawowa ka ba ta ta ɗaure, kada a taɓa su don cefane. Katin riga-kafinsa a sa shi a leda a ajiye inda hannu zai kai da sauri, in ta kama a bar gari a tafi da shi. Yau da dare ka karɓi katin nan ka duba da idonka ko an yi masa allurar wata 15, in ba a yi ba, ku kai shi a makon nan.